Igiya ko gora? Muhawara kan sandar fatsar da ta tafi ƙasan tafki

Baban Hanif (Hustan): Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara na zo nema, amma ku fara yi min jaje. Ranar Asabar ina kan kayak ɗina na yi asarar sandar fatsata a tafkin Livingston, nan arewa da Hustan. Sabuwa dal, ko wata biyu ba ta yi a hannuna ba. Ita da keken zarenta dala 240 na biya, kuma har yanzu uwargida ba ta san ainihin kuɗin ba.

Ga waɗanda ba su san kayak ba, ɗan jirgin roba ne na mutum ɗaya. Nawa tsawonsa kamar mita 3 da rabi, faɗinsa bai kai mita 1 ba. A kansa ake zama, ba a cikinsa ba, tsakaninka da ruwa bai wuce taƙi guda ba. Ba shi da baki mai tsayi irin na kwalekwale da zai tare maka kaya. Duk abin da ya suɓuce daga hannunka, ruwa ne gidansa.

Sanda uku na fita da su. Biyu suna tsaye a bayana cikin bututunsu, ɗaya na sa mata yankan kifi na jefa. Sai zaren ɗaya daga cikin na baya ya sarƙe da reshe. Na ɗora ta hannuna a kan cinya, na juya don in warware waccan. Wallahi ko daƙiƙa biyar ban yi ba na ji fit! Ina waigowa gindin sandar kawai na gani yana shigewa, kamar wutsiyar ƙadangare a rami. Na'urar auna zurfi ta nuna mita 7. Na zauna ina kallon ruwa, ruwa yana kallona.

Tambayata: masu wannan harka, me kuke yi? Na ga ana sayar da wata igiya mai naɗewa da ake ɗaure sanda da jirgi. In sayo guda uku in ɗaure duka in huta?

Mahaucin Zaure: Allah ya mayar da alheri. Amma dala 240? Da ka turo min su nan kasuwa da na aiko maka da kilishin da za ka ci har azumi mai zuwa. Ku masunta haka kuke, ku bar nama a tudu ku tafi roƙon kifi a ruwa.

Hajiya Mai Banda: Allah ya kiyaye gaba, Baban Hanif. Tunda kai ka dawo gida lafiya ai an gode Allah. Maganar uwargida kuma, ka faɗa mata da bakinka kafin rasit ya faɗa mata.

Ɗan Yamai: Ka saya ka ɗaure, babu wani dogon zance. Ni a gulbin Kwara nake fatsa nan ƙasa da gadar Kennedy, cikin kwalekwale, ba kayak ba. Tun ranar da kapiten, wato giwan ruwa, ya fizge min sanda na daina wasa. Igiyar nailan nake ɗaurawa a gindin sanda, ɗaya bakin a katakon zama. Sau biyu tana ceto min kaya. Kuɗinta bai kai na shayi da burodi ba.

Bazazzagi a Minesota: Baban Hanif, sannu da asara. Kafin ka sayo igiya uku bari in ba ka labarin abin da igiya ta yi min, sai ka yanke hukunci.

Shekarata ta biyu da fara kayak, ni ma irin tunaninka na yi. Na ɗaure komai: sanda biyu, filafili, ragar kwasar kifi, har da filaya. In ka ganni kamar shagon mai gyaran rediyo. Wata ranar Mayu na shiga kogin St. Croix, wanda ya raba mu da Wiskonsin. Ruwa na gudu, sanyinsa kamar ƙanƙarar da ta narke jiya, don kuwa hakan ne. Jirgin ya bugi wani icce da ya kwanta a ƙarƙashin ruwa, ya juya gefe, kafin in ce me ya kife.

Kifewa ba wani abu ba ne, na sha koyon hawa jirgi daga ruwa. Abin da ban taɓa koya ba shi ne hawa da igiya biyu a ƙafa. Ta filafili ta naɗe min idon sawu, ta sanda ta zagayo ta bayan gwiwa. Jirgin ruwa na jansa, ni kuma jirgin na jana, ƙafa a sama kai a ƙasa. Rigar ceto ce ta riƙa ɗago min fuska. Ga ƙugiya mai baki uku tana lilo kusa da cinyata. Ba ni da wuƙa a jiki, tana cikin akwati a bayan kujera, inda ba ta da amfani ga kowa. Takalmin ne ya zame daga ƙafata, igiyar ta tafi da shi, shi ne na samu kaina.

Sanda biyun nan ko ɗaya ba ta ɓata ba, suna nan rataye da jirgi lafiya lau. Ni ne na kusa ɓata. Tun daga ranar ban sake ɗaure sandar da nake aiki da ita ba.

Ɗan Yamai: Subhanallah. Allah ya tsare. Amma ɗan'uwa, wannan laifin yawan igiya ne, ba laifin igiya ba. Kwalekwalena bai taɓa kifewa ba.

Bazazzagi a Minesota: To ai nan ne bambancin, Malam. Kwalekwalenka katako ne mai nauyi, mutum huɗu na zama a ciki. Kayak kuwa ba a cewa ko zai kife, sai dai yaushe. Waigawa baya da ƙarfi kaɗai na iya kifar da kai, in kanka ya fita daga tsakiyar jirgi. Shi ya sa abin da ya yi daidai a wurinka zai iya zama tarko a wurinmu.

Basarken Yawuri: (Ɗansa ne ke rubutawa, Baba ya ce in karanta mai, ga amsarsa yadda ya faɗa.)

Ina gaida mutanen zaure. Ɗana na Amurka, Allah shi maida alheri. Wanga Bazazzagi ya faɗi gaskiya, ko da Bazazzagi bai san ruwa ba sai na tulu.

Mu tun muna yara abu na farko da anka hana mu shi ne ɗaura igiyar kamun kifi ga jiki. Ba ga hannu ba, ba ga ƙugu ba, ba ga babban yatsan ƙafa ba. Yara na son yin haka in barci ya kama su cikin jirgi da dare, wai don kifi ya tashe su. To kurungu ko ƙarfasa za su tashe ka. Giwan ruwa ko ramboshi kuwa tahiya za su yi da kai. Na ga wanda anka tsamo da igiya naɗe ga wuyan hannu, ba labari anka ba ni ba.

Kakanninmu da sunka yi farautar dorina da ayu, mashinsu da muke kira zago ba ga jirgi suke ɗaure shi ba. Ga abin da ke iyo suke ɗaure igiyar. In an soki dabba sai a sake mata duka, ta nutse ta tahi inda za ta, abin nan na bisa ruwa shina nuna inda take. Mai jirgi na biye a hankali har ta gaji. Da ga jirgi anka ɗaure, da dorina ta juye su gaba ɗaya.

Haka mamari. Ƙugiya ɗari ko fi ga igiya guda, mi ke riƙe ta? Gora. Yanzu da gora ta yi wuya, jarka da robar lemu da yankan silifas. Tun da anka tare ruwa a Kainji cikin 1968, itatuwan da ruwa ya cinye suna nan tsaye ƙasa suna cin taru da mamari. In ba ka sa abin da zai nuna maka inda kayanka suke ba, ka ba ruwa sadaka.

Don haka ni shawarata, sanya wa sandarka gora. In ta faɗi ta taso, ka tuƙa ka ɗauko.

Mahaucin Zaure: Baba, a Argungu ma ai gorar ce ke riƙe ku kanku, ba kifin kaɗai ba. Na gani a talabijin, katti sun rungume ƙwarya suna wutsil-wutsil a Matan Fada.

Basarken Yawuri: Baba ya ce a gaya wa mahauci, ƙwaryar nan ita ce jirgi, ita ce rigar ceto, ita ce kuma ma'ajin kifi, tun kafin a fara bikin a 1934. Ya ce kai kuma ranar da bijimi ya kubce maka a mayanka, wace gora ka rungume?

Malamin Kimiyya (Tiga): Hhhh Baba ya gama da kai. Amma bari in ƙara wani abu a kan maganarsa, don ta burge ni ƙwarai. Mutanen da suka ƙirƙiro kayak ɗin kansa, wato Inuwit na Girinlan da arewacin Kanada da Alaska, dabararsu ɗaya da ta Sarkawa. Mashinsu na farautar dabbobin teku, igiyarsa a jikin salkar fata take, wadda suka hura wa iska. Da mafarauci ya soka sai ya yi maza ya ture salkar cikin ruwa. Abin da suka fi tsoro shi ne igiyar ta harɗe da mutum ko da jirgi. Sauran kayan aikinsu kuma a kwance suke soke su ƙarƙashin tsirkiyar fata da aka ɗaure a gicciye kan jirgin. Mutanen ƙanƙara da mutanen Kwara ba su taɓa haɗuwa ba, ruwa ne ya koya musu karatu iri ɗaya.

Yanzu lissafi, tunda shi ne sana'ata. Lita 1 ta ruwa kilo 1 ce. Ke nan duk abin da ya ture ruwa lita 1 kuma shi ba shi da nauyi, zai iya ɗaga kusan kilo 1. Matsakaicin keken zare yana kaiwa giram 300, sandar kanta wajen 150. Ka ce rabin kilo duka, kuma a cikin ruwa nauyin ma raguwa yake. Robar ruwan sha ta rabin lita, in ka rufe ta gam, ta isa ta hana su nutsewa.

In ba ka son roba tana reto, akwai dogon soson nan mai rami a tsakiya da yara ke iyo da shi, a can wurinku ko'ina ana sayarwa. Kaurinsa kamar santimita 6, raminsa kamar 2. Yanki mai tsawon santimita 20 zai ba ka kusan rabin lita. Ka tsaga shi a tsaye, ka rungumar da shi jikin sanda gaba da keke, ka ɗaure sama da ƙasa.

Amma don Allah kada ka yarda da lissafina haka nan. Ka cika bahon wanka ko ka je bakin ruwa inda bai wuce gwiwa ba, ka saki sandar ka gani da idonka. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Baban Hanif (Hustan): Allah ya saka da alheri, Baba, Allah ya ƙara girma. Malam na gode. Amma ina da ja a nan. A abin da ya same ni, ba faɗuwa sandar ta yi ba, kifi ne ya ja ta. Tarwaɗar nan tasu mai ruwan toka ba ƙaramar dabba ba ce. A tafkin Texoma an taɓa kama mai kilo 55 a 2004. Ko mai kilo 10 ce ta ja, me rabin lita zai yi mata? Ai da sandar da soson duka za ta nutsar.

Ɗan Yamai: Yauwa! Abin da nake faɗa ke nan. Gora maganin faɗuwa ce, igiya maganin fizga.

Basarken Yawuri: Baba ya ce za ta nutsar, gaskiya ne, amma ba za ta dawwama ƙasa ba. Kifi na gajiya, gora ba ta gajiya. Ka jira, za ka ga ta ɓullo can gaba. Sai fa in zaren ya sarƙe da icce a ƙasa, wannan kam sai haƙuri.

Bazazzagi a Minesota: Kuma Livingston cike yake da kututture a wasu wuraren, don daji ne aka tare wa ruwa, kamar dai Kainji. Saboda haka Baban Hanif bai yi ƙarya ba. Sai dai ina ganin mun tsallake ainihin abin da ya jawo asarar. Baban Hanif, tsakaninka da Allah, birkin kekenka a ɗaure yake ko a sake lokacin da ka ɗora ta a cinya?

Baban Hanif (Hustan): A ɗaure tamau. Na matse shi tun da safe don kada kifi ya shige min cikin itatuwa.

Bazazzagi a Minesota: To ga ɓarawon nan. Keken zare yana da birki ne don in kifi ya ja da ƙarfi zare ya riƙa fita maimakon ya tsinke. In ka matse shi, ƙarfin kifin gaba ɗaya kan sanda yake sauka. Sanda kuma tana kan cinya ba mai riƙe da ita. Me kake so ta yi?

Ƙa'idata guda biyu ce, kuma ba ta cin ko sisi. Ta farko, muddin ƙugiya na cikin ruwa, sanda ko dai tana hannuna ko tana cikin kubenta, wato bututun da ake tsayar da ita. Cinya ba ma'aji ba ce. Ta biyu, duk lokacin da zan sake ta, sai na sassauta birki har in iya jan zare da yatsa biyu. Kifi ya ɗauka, ka ji keke na kuka ƙirrr, ka ɗauki sanda, sannan ka matse a hankali. Ko igiya ka ɗaura, in birki a matse yake, babban kifi zai fizgi jirgin ta gefe, kuma ta gefe kayak ke kifewa.

Hajiya Mai Banda: Ni ban san birki ba ban san keke ba, kifi nake saye in banda in sayar. Amma ina da tambaya. Mutum ɗaya, hannu biyu, kuma hannun nan biyu su ne na tuƙi. Sanda uku na mene ne? Masuntan da ke kawo min kaya shekara da shekaru ban ga mai fita da abin da ya fi ƙarfin hannunsa ba.

Baban Hanif (Hustan): Hajiya, kowace da aikinta. Ɗaya ta tarwaɗa, ɗaya ta ƙananan kifi, ɗaya ta jifa da kifin roba. Canza ƙugiya a kan ruwa wahala ne. Wasu Turawan ma shida suke jerawa a baya kamar eriyar gidan rediyo.

Hajiya Mai Banda: To ai ga shi ta baya ce ta kama reshe har ta gaba ta tafi. Da biyu ka fita da su da yanzu biyu gare ka. Ka fita da uku, yanzu ma biyu gare ka.

Mahaucin Zaure: Hajiya ta fi Malamin Kimiyya iya lissafi wallahi.

Bazazzagi a Minesota: Hajiya ta taɓo wuri. Mu nan a yawancin ruwayen Minesota doka ma zare ɗaya ta yarda ka jefa in ba lokacin ƙanƙara ba, to sai na saba da fita da biyu kawai. Kuma sandunan da ke tsaye a baya su ne suka fi ɓata, ba ta hannu ba. Reshe ya zare ta daga bututu ba ka ji ba, ko ka ɗaga hannu za ka yi jifa ƙugiyarka ta kamo ta bayan ta wurga ta ruwa. Sai ka isa gaɓa ka waiga ka ga bututu fayau.

Shi ya sa ban ce a jefar da igiya gaba ɗaya ba, Ɗan Yamai ka ji. Na baya ina ɗaure su, amma gajeren ɗauri. Kiret ɗin roba nake sawa a bayan kujera, na ɗaure masa yankan fayif a tsaye, kowane na yanke masa ɗan baki inda ƙafar keke za ta zauna. Sai roba irin ta ɗaurin kayan 'yan acaɓa, ƙarama, in zagayo da ita kan keken in maƙala. Ba ta kai tsawon da za ta naɗe ƙafar kowa ba. Ko jirgi ya kife suna nan daram. Shi kansa kiret ɗin a ɗaure shi da jirgi, don na ga wanda ya ɗaure sanduna da kiret ya manta bai ɗaure kiret ba, suka tafi tare kamar amarya da kayan ɗakinta. In zan shiga ƙarƙashin bishiyoyi ko gada kuma, kwantar da su nake yi a tsawon jirgi.

Ɗan Yamai: To yanzu mun fara jin juna. Amma ni har gobe, a ruwa mai zurfi wanda ba ya gudu, in mutum yana jan ƙugiya a bayan jirgi yana tuƙi, igiya ta fi. Sandar tana gefe, idonka na gaba. Kuma a teku fa? In iska na kaɗawa, soso zai tafi da sandarka inda ba za ka cim mata ba, launinsa ma ba za ka hango ba tsakanin raƙuman ruwa.

Bazazzagi a Minesota: Wannan na ba ka. A buɗaɗɗen ruwa mai zurfi, sandar da ke cikin kube ana janta, a sa mata igiya ɗaya, ta bayan kujera, kada ta gitta kan cinya. Da ka ɗauke ta za ka yi fama da kifi, ka ɓalle maƙalin. Amma wuri biyu ne ba na sassauci: kogi mai gudu, da bakin teku inda ruwa ke karyewa. Baban Hanif, na san kana zuwa bakin teku a Galveston. Lokacin shiga da lokacin fita, a nan ake kifewa, kuma jirgin birgima yake yi ba kifewa ɗaya ba. Duk wata igiya a cire. Sanduna a zura su cikin jirgi in yana da ƙofa, in babu a kwantar a ɗaure su a jikinsa, a cire ƙugiyoyi. Sandar da ke tsaye ko ba ta ɓata ba karyewa za ta yi a yashi.

Malamin Kimiyya (Tiga): Ƙarin bayani ga mai son igiya. Kada a ruɗu da ƙarfinta. Igiyar lemar dira daga jirgin sama ɗin nan da ake yayi tana ɗaukar kusan kilo 250 kafin ta tsinke. Sandar rabin kilo me za ta yi da wannan ƙarfin? In ta naɗe ka, ba za ka iya tsinka ta ba komai ƙarfinka. Gara a sa mata wuri mai rauni da gangan: ɗan siririn maɗaurin roba irin na masu wayarin, tsakanin igiya da jirgi. Ya isa ya riƙe sanda, amma in mutum ya yi fizgar neman rai zai ɓalle.

Mai naɗewar kuma ba sai ka saya ba. Zaren injin yankan ciyawa za ka naɗa a jikin sanda siririya, ka ɗaure bakin biyu, ka tafasa kamar minti 10, ka tsoma a ruwan sanyi. Zai riƙe naɗin kamar wayar tarhon da. Amfaninta ba ta zuba a ƙasa ta yi zobe, tana tattare har sai an ja.

Maman Iman: Ina bin ku tun safe ban ce komai ba, amma a matsayina na ma'aikaciyar jinya bari in sa baki. Duk kun yi maganar yadda sanda za ta taso, mutum ɗaya ne ya ambaci abin da ya taso da shi kansa. Baban Hanif, ranar Asabar rigar ceton tana jikinka ko tana bayan kujera? Na san dokar Texas ta ce ta kasance cikin jirgi, yara 'yan ƙasa da 13 ne dole su sa. Amma rigar da ke bayan kujera daidai take da wuƙar Bazazzagi da ke cikin akwati. Mu da muka ga haɗarin jirgin ruwan da ya faru a Warra a 2021 ba ma son jin ana wasa da wannan. Kuma abin da ya fi ba ni tsoro a labarinka, da ka waigo da wuri daƙiƙa ɗaya da ka kai wawura. Wawurar nan ita ke kifar da mutane.

Baban Hanif (Hustan): Maman Iman, ba zan yi miki ƙarya ba, a bayan kujera take. Zafin Texas sai wanda ya gani. Kuma gaskiya ne, na kai hannu, jirgin ya yi tangal-tangal, Allah ne ya sa na koma daidai.

Basarken Yawuri: Baba ya ce sabo da kaza ba ya hana a yanka ta. Ya ce shi da ya shekara hamsin bisa ruwa, yanzu jikokinsa ba su shiga jirgi sai da rigar, ko ana yi musu dariya. Kuma wuƙa ga ƙirji, inda kowane hannu zai kai.

Admin: Jama'a, wani ya turo tallan maganin basir a tsakiyar zancen nan, na goge. A ci gaba.

Ɗan Yamai: Wai ita wadda ta nutse, an haƙura ke nan? In ka riƙe wurin, ka koma da maganaɗisu babba.

Malamin Kimiyya (Tiga): Maganaɗisu ba zai yi wani abin kirki ba, yawancin keken alminiyam ne da roba, ba ya kama su. Ƙugiya mai baki uku babba da dalma ta fi, a riƙa janta a ƙasa a hankali ko za ta kamo zaren. Zaren ake nema, don ya fi sandar tsawo nesa ba kusa ba. In Allah ya sa an samu, tunda ruwan daɗi ne ba na gishiri ba, a kwance keken a shanya a sa giris, zai tashi.

Baban Hanif (Hustan): Jama'a, na dawo da rahoto bayan sati biyu. Na gwada soso a bahon wanka, Hanif na tsaye yana dariya. Santimita 20 ya ɗaga ƙaramar, babbar sai da na ƙara rabin taƙi, kuma da gindi a ƙasa take tsayawa, kan ne kawai ke leƙowa. Matsala ɗaya: in na yi jifa zare na dukan soson, nisan ya ragu. Na fere gefen da ke kallon zaren da wuƙa, ya yi sauƙi amma bai daina ba. Sanda biyu na fita da su, Hajiya. Ta baya da gajeriyar roba, ta hannu da soso ruwan lemu, riga a jiki, wuƙa a ƙirji.

Na koma wurin da waccan ta nutse, na yi awa biyu ina jan ƙugiya a ƙasa. Na ciro reshe biyu da wani tsohon zare da ba nawa ba. A ja na ƙarshe ƙugiyar ta kama kututture, ita ma na baro ta can.

Uwargida kuma ta ga rasit a aljihun wando.

Mahaucin Zaure: Inna lillahi. Wannan kifewar wace riga ce ke maganinta?

Bazazzagi a Minesota: Maganar dukan zare, gwada raba soson biyu. Rabi a gaban keke dab da mariƙi, rabi a can ƙarshen gindi, in dai zai shiga bututunka. Turo hoton kekenka in gani, wane lamba ne?